Gidan Huxtable: Shirin da Aka Gina a Kan Sunan Mutum Ɗaya

Ranar Alhamis 30 ga Afrilun 1992 birnin Los Angeles na ci da wuta. Kwana guda kafin nan kotu ta wanke 'yan sandan da aka ɗauka a bidiyo suna lakaɗa wa wani baƙar fata mai suna Rodney King dukan kawo wuƙa, sai gari ya yamutse, ana ƙone-ƙone, ana fasa shaguna, ana kwasar gawa. A daren ne kuma tashar NBC ta tsara nuna kashin ƙarshe na shirin barkwancin nan The Cosby Show. Magajin garin, Tom Bradley, wanda shi ma baƙar fata ne, ya roƙi jama'a su mutunta dokar hana fita, su zauna gida su kalli shirin. Haka kuwa aka yi a gidaje da yawa. A wata tashar ana nuna hayaƙi da sojoji, a wata ana nuna wani likita baƙar fata yana murnar ɗansa ya gama jami'a. Fiye da mutum miliyan 40 ne suka kalli wannan kashi a faɗin Amurka.

Duk gardamar da aka shekara takwas ana yi a kan shirin tana cikin wannan dare guda. Amma sai an koma baya kafin a gane dalilin da ya sa shugaban gari zai ɗauki wasan barkwanci na rabin awa a matsayin ruwan kashe gobara.

Kafin 1984 talabijin ɗin Amurka ya nuna baƙaƙen fata, sai dai yawanci ta ƙofa ɗaya yake shigo da su: ko bara, ko wawa mai ba da dariya, ko talaka mai fama. A shekarun 1970 an yi wani shiri mai suna Good Times a kan wani iyali matalauta a gidajen gwamnati na Chicago. Esther Rolle, wadda ta fito a matsayin uwa, sai da ta kafe kafin aka yarda a ba ta miji a cikin labarin, domin an fi sabawa da nuna gidan baƙar fata ba uba. Mijin da aka ba ta, John Amos, shi ma bai daɗe ba. Ya yi ta ƙorafin an mayar da hankali kan shirmen babban ɗansu an bar maganar tarbiyya, aka sallame shi a 1976, aka ce uban ya mutu a haɗarin mota. A fagen siyasa kuwa, tun rahoton da wani jami'in gwamnati, Daniel Patrick Moynihan, ya rubuta a 1965 ake ta nanata cewa gidan baƙar fata ya rushe, kuma zamanin Ronald Reagan ya ƙara wa wannan magana gishiri.

A cikin wannan yanayi Marcy Carsey da Tom Werner, tsofaffin manyan ma'aikatan tashar ABC da suka buɗe kamfaninsu, suka nemi ɗan barkwancin nan baƙar fata, Bill Cosby. Ba baƙo ba ne. Tun 1965 ya yi suna a shirin I Spy, inda ya ci Emmy, babbar kyautar talabijin ta Amurka, sau uku a jere, kuma barkwancinsa na kan dandamali yawanci a kan rainon 'ya'ya yake. ABC ta ƙi karɓar shirin. NBC da ke can baya a cikin manyan tashoshi uku ta karɓa, a lokacin da jaridu ke cewa kasuwar irin wannan wasa ta watse. Da fari an so Cosby ya fito a direban motar haya ta alfarma. Matarsa Camille na cikin waɗanda suka matsa a canza, aka mayar da mijin likitan haihuwa, matar kuma lauya. Wannan canji guda shi ya haifi duk abin da ya biyo baya, alherinsa da rigimarsa.

An fara nuna shi ranar 20 ga Satumban 1984. Dokta Cliff Huxtable da matarsa Clair na zaune a unguwar Brooklyn Heights ta New York, ofishin likitan na ƙasan gidan, saboda haka uba na nan kusa duk lokacin da yara suka dawo makaranta. A kashin farko akwai wata fitowa da ta nuna inda shirin ya dosa. Theo, ɗa namiji tilo, ya kawo sakamakon jarrabawa mara kyau, ya ce shi ba sai ya je jami'a ba, zai yi rayuwa irin ta gama-garin mutane. Uban ya ɗauko takardun kuɗin wasan Monopoly ya ƙirga masa albashin wata, sannan ya riƙa zarewa: haraji, kuɗin haya, abinci, har ya tambaye shi ko zai yi budurwa, ya kwashe ragowar. Yaron ya marairaice ya ce ya kamata uba ya so ɗansa a yadda yake. 'Yan kallon da ke zauren suka tafa, domin a nan ne wasannin da suka saba gani ke rungumar juna. Sai uban ya ce bai taɓa jin maganar banza irin wannan ba, zai yi karatu ko ya ƙi ko ya so. Dariyar da ta biyo baya ta fi tafin ƙarfi. Iyaye ne suka ga an dawo musu da girmansu a allo, bayan shekarun da wasanni ke nuna yara masu wayo da iyaye sakarkaru.

Kasuwa ta buɗe fiye da zaton kowa. Zango biyar a jere, daga na 1985 zuwa na 1990, shirin ne na ɗaya a ƙidayar masu kallo. Ya ja shirye-shiryen da ke biye da shi a daren Alhamis, irin su Family Ties da Cheers, ya kai NBC kan gaba. Da aka sayar wa ƙananan tashoshi izinin maimaita shi daga 1988, cinikin ya haura dala rabin biliyan.

Abin da ba kowa ke lura da shi ba shi ne yawan lissafin da ke bayan wannan dariya. Cosby ya ɗauko Dokta Alvin Poussaint, likitan ƙwaƙwalwa a jami'ar Harvard, yana karanta kowane rubutu kafin a ɗauka, yana tsince duk abin da zai ƙasƙanta baƙar fata. Zanen da ke bangon falon na masu zane baƙaƙen fata ne. Rigunan sanyin da ake sawa na ɗauke da sunayen jami'o'in da aka kafa domin baƙaƙe tun zamanin da ake hana su shiga na Turawa. Manyan makaɗa kan shigo a matsayin kakanni ko abokan gida. Akwai kashin da iyalin duka suka jeru a kan matakala suna kwaikwayon waƙar Ray Charles domin bikin cikar shekarun auren kakanninsu, 'yar autarsu Rudy na buɗe baki kamar ita ke rerawa, kuma har yau ana sa shi cikin fitattun abubuwan da aka taɓa nunawa a talabijin ɗin Amurka. A ƙofar ɗakin Theo an manna takardar da ke kiran a kawar da mulkin wariyar launin fata na Afirka ta Kudu. NBC ta so a cire, Cosby ya ƙi. Da babbar 'yarsu Sondra ta haifi tagwaye a 1988, lokacin Mandela na kurkuku, aka raɗa musu Winnie da Nelson. Abin mamaki, a can Afirka ta Kudun shirin ya samu karɓuwa sosai a wurin farar fatar da ke cin moriyar wariyar.

Wannan na ƙarshe shi ne bakin zaren sukar da aka yi wa shirin. Mutum na iya son Dokta Huxtable a falonsa da dare, da safe ya hana baƙar fata aiki. Masana biyu a jami'ar Massachusetts, Sut Jhally da Justin Lewis, sun zauna da rukunin masu kallo suka fitar da bincikensu a 1992, kuma Cosby da matarsa ne suka ba da kuɗin aikin. Sun tarar da cewa da yawa daga cikin farar fata sun ɗauki gidan Huxtable a matsayin shaidar cewa hanya ta buɗe wa kowa, duk baƙin da bai ci gaba ba kuwa lalacinsa ne. Su kuma baƙaƙen sun ji daɗin ganin kansu cikin mutunci har ba su cika son a taɓa shirin ba, ko da sun san gidan bai yi kama da nasu ba. Ni a ganina sukar tana da tushe, amma an ɗora wa wasan rabin awa kayan da ya fi ƙarfinsa. Ba wanda ya taɓa tambayar wasannin farar fata me ya sa ba sa nuna talakawan Turawa. Laifin na masana'antar ne da ta bar iyali guda su wakilci mutum miliyan 30.

Sai dai Cosby da kansa ya nemi wannan kaya, bai jira an ɗora masa ba. A nan ƙasar Hausa mun saba sunan wasa ya cinye sunan yanka: mutane da yawa sun san Samanja ba su san Usman Baba Pategi ba, haka Ibro ya rufe Rabilu Musa. A wannan shiri kuwa akasin haka aka yi. Sunan iyalin Huxtable, amma sunan shirin Cosby. 'Ya'yan Huxtable mata huɗu da namiji ɗaya, daidai da na Cosby. An gina Theo a kan ɗansa Ennis, har lalurar rikicewar haruffa wajen karatu da aka gano wa Ennis aka ba Theo ita a zango na shida. A jerin sunayen da ke fitowa a allo ana rubuta cikakken sunansa da digirin digirgir da ya samu a fannin ilimi. A 1986 ya fitar da littafi a kan zama uba, ya yi kasuwa sosai, a 1988 ya ba kwalejin mata baƙaƙe ta Spelman kyautar dala miliyan 20. Aka riƙa ce masa Uban Amurka. Da wani ɗan bindiga ya harbe Ennis a gefen titi a Los Angeles cikin Janairun 1997, mutane sun yi makoki kamar Theo aka kashe. An shekara da shekaru ana koya wa jama'a kada su raba Cliff da Bill, kuma sun koya.

'Yan wasan su suka fara sanin nauyin wannan. Phylicia Rashad, wadda ta fito a Clair, shekara goma kacal ta ba Sabrina Le Beauf da ta fito a babbar 'yarta, domin a kashin farko yara huɗu ne, daga baya aka ƙaro Sondra don a nuna 'yar da tarbiyyar ta riga ta kai jami'a. Earle Hyman da ya fito a mahaifin Cliff shekara 11 ya girmi Cosby. Rudy da namiji aka so, sai Keshia Knight Pulliam ta zo gwaji aka canza shawara, tana 'yar ƙaramar yarinya aka sa ta cikin 'yan takarar Emmy. Tempestt Bledsoe ta riƙe matsayin Vanessa, 'yar tsakiya mai yawan tsegumi, daga farko har ƙarshe ba tare da wani surutu ba.

Surutun na Lisa Bonet ne. Ita ce Denise, mai shigar da ta ga dama, wadda 'yan mata suka fi kwaikwayo. A 1987 ta fito a wani fim na manya da ya tayar da ƙura, a shekarar kuma ta auri mawaƙi Lenny Kravitz. An riga an buɗe mata nata shirin, A Different World, a kan rayuwar ɗalibai a wata jami'ar baƙaƙe ta ƙage mai suna Hillman. Da ta samu juna biyu, Debbie Allen, ƙanwar Phylicia Rashad da ta karɓi ragamar shirin, ta so a saka cikin a labarin. Cosby ya ƙi, a kan cewa Lisa na iya yin ciki amma Denise Huxtable ba za ta yi ba. Ta bar shirin, ta dawo gidan Huxtable a 1989 da miji sojan ruwa da agola, wato Olivia da Raven-Symoné ta fito a matsayinta, sannan ta bar shi gaba ɗaya a 1991. Ba ta cikin kashin ƙarshe. A lokacin mutane sun ɗauka uba ne ke tsawata wa 'yar da ta kauce hanya.

Halin wa'azin bai tsaya a allo ba. A watan Mayun 2004, a taron NAACP, ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙen fata, na cika shekara 50 da hukuncin da ya haramta ware makarantu bisa launin fata, Cosby ya hau mumbari ya caccaki talakawan baƙaƙe: yadda suke magana, sunayen da suke raɗa wa 'ya'yansu, yadda samarinsu ke sakin wando, yadda ake haihuwa ba aure. Ya zaga garuruwa yana maimaita wannan. Wata huɗu kafin wannan jawabi ne, a Janairun 2004, abin da Andrea Constand, ma'aikaciyar jami'ar Temple, ta ce ya faru da ita a gidansa. Ta kai ƙara a 2005 cewa ya ba ta ƙwaya ya ci zarafinta. Mai gabatar da ƙara na yankin, Bruce Castor, ya ƙi gurfanar da shi, sai ta shigar da ƙarar neman diyya, aka sasanta a 2006 a kan dala miliyan uku da wani abu, aka rufe takardun.

Labarin ya fito a jaridu a lokacin, amma bai kama ba. Sai a Oktoban 2014 wani ɗan barkwanci baƙar fata, Hannibal Buress, ya tsaya a dandamali a Philadelphia, garin su Cosby, ya yi masa ba'a a kan yi wa mutane wa'azin wando alhali ga zargin da ke kansa. Wani ya ɗauka a waya, ya bazu a intanet. Mata suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya har suka kai kimanin 60, wasu labarinsu tun na shekarun 1960. A Yulin 2015 alƙali Eduardo Robreno ya ba da umarnin buɗe wani ɓangare na tsofaffin takardun, kuma hujjarsa ita ce abin dubawa: mutumin da ya naɗa kansa mai yi wa jama'a wa'azin ɗabi'a ya rage wa kansa haƙƙin sirri. Laifi tudu ne, in ji Bahaushe, sai dai wannan karon kotu ce ta faɗa. A cikin takardun aka ga ya amsa bisa rantsuwa cewa ya taɓa samo wata ƙwayar sa maye da nufin ba matan da yake nema. Shi dai har yau yana musanta cewa ya tilasta wa kowa.

An gurfanar da shi a Disamban 2015, dab da cikar wa'adin shekara 12 da dokar jihar Pennsylvania ta gindaya. Shari'ar farko a 2017 ta watse saboda masu taya alƙali yanke hukunci sun kasa haɗa baki. A Afrilun 2018 aka same shi da laifi, aka yanke masa ɗaurin shekara uku zuwa goma. Ranar 30 ga Yunin 2021 kotun ƙolin jihar ta rushe hukuncin. Mutane da yawa sun fahimci wannan a karkace. Kotun ba ta ce bai aikata ba. Cewa ta yi ya dogara da alkawarin Castor na ba za a gurfanar da shi ba kafin ya yi magana a ƙarar diyya, don haka bai halatta a juyo da maganarsa a ɗaure shi da ita ba. A 2022 wata kotu a California ta ba wata mata mai suna Judy Huth gaskiya a kan abin da ta ce ya yi mata a 1975 tana 'yar shekara 16, aka ce ya biya ta dala 500,000.

Tun Nuwamban 2014 tashoshi suka fara janye maimaicin shirin. A tsarin Amurka duk sanda aka sake nuna tsohon shiri 'yan wasa na samun ɗan kaso, kuma ga wanda ba tauraro ba wannan ɗan kason shi ke toshe kafa tsakanin aiki da aiki. A 2018 wata mai sayayya ta ɗauki hoton Geoffrey Owens, wanda ya fito a Elvin mijin Sondra, yana aikin karɓar kuɗi a wani kantin Trader Joe's a New Jersey, jaridu suka yaɗa don a yi dariya. Mutumin ya yi karatu a Yale, ya koyar da wasan kwaikwayo, ya kuma faɗa da bakinsa cewa yankewar kuɗin maimaici na cikin abin da ya kai shi kantin. Jama'a sun tsaya masa, mai shirya fina-finai Tyler Perry ya ba shi aiki. Cosby kuwa, wanda ya jawo ruwan, ya riga ya tara abinsa tun tuni.

Rashad ta fi kowa shiga tsaka mai wuya. A 2004 ta zama baƙar fata mace ta farko da ta ci kyautar Tony ta babbar jaruma a wasan dandamali, a 2021 jami'ar Howard ta naɗa ta shugabar tsangayar fasaha. Ranar da aka sako Cosby ta rubuta a Twitter cewa an gyara zalunci. Ɗalibai suka yi ca, ta nemi afuwa. Mutane sun ji zafin abin ne saboda daga bakin Clair Huxtable suka ji shi, matar da ta taɓa wanke Elvin tas a falo a kan raina mata, fitowar da 'yan mata da yawa suka haddace. Ita ma an ƙi raba ta da rigar wasanta.

Shi ya sa shawarar da ake yawan bayarwa, wai a raba gwani da aikinsa, take da wuyar aiki a nan fiye da ko'ina. Ana iya sauraron mawaƙin da aka san ɗan iska ne, domin bai taɓa cewa a yi koyi da shi ba. Wannan shiri kuwa hajarsa amana ce. Likitan mata ne da ake barinsa da mata a ɗaki, uba ne da ake kai masa ƙara, kuma sunan da ke kan ƙofar na mutumin gaske ne. Duk da haka ban yarda a ce aikin ya zama banza ba. Marubuta da daraktoci da yara biyar da suka girma a gaban kyamara sun zuba shekara takwas a ciki, ɗaliban da suka nufi jami'o'in baƙaƙe saboda Hillman ba su fasa zama likitoci da lauyoyi ba, kuma shirye-shiryen da suka biyo baya irin su The Fresh Prince of Bel-Air da Black-ish ta ƙofar da ya buɗe suka shigo.

Malcolm-Jamal Warner, wato Theo, shi ne ya fi iya taka wannan siraɗi. Bai zagi Cosby ba, bai kuma ƙaryata matan ba. A 2015 ya ce babu makawa sunan shirin ya ɓaci, kuma abin da ya fi damunsa shi ne an rasa misalin da ake nunawa duk sanda aka yi ƙorafin yadda ake zana baƙar fata a allo. Ya ci gaba da wasa, ya ba da umarni, ya yi kiɗa da waƙe har ya ci Grammy a shekarar. Ranar 20 ga Yulin 2025 igiyar ruwa ta ja shi a gaɓar teku a Kosta Rika, inda ya je hutu da iyalinsa, ya rasu yana da shekara 54. A kwanakin makokin mutane suka yi ta tono tsofaffin fitowarsa suna yaɗawa: ranar da Denise ta ɗinka masa riga hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, ranar da ya huda kunne a ɓoye, da ranar kuɗin Monopoly. Wasu sun yi ƙoƙarin yanke bidiyon ya tsaya a kan fuskar yaron kaɗai, amma a yawancinsu da uban yake magana, kuma muryar uban ce ke amsawa.